Tarin Inna: tarin fuka ne ko maganin hawan jini?

Maman Halifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema a kan Innarmu. Tun bayan ƙaramar sallah take fama da wani tari busasshe, ba kaki, ba mura. Ta ce ji take kamar ana sosa mata maƙogwaro da gashin kaza. Da rana da ɗan dama, amma da ta kwanta shi ke nan, sai ta kwana a zaune. An sha na kemis kala-kala, an sha zuma da citta da lemun tsami, shiru. Abin da ya fi ci mini rai, jiya da na je gida na tarar an ware mata kwano da moɗa, an hana jikoki shiga ɗakinta, wai tarin fuka ne. Ko gidan suna ta daina zuwa saboda kallon da ake mata. Tana da hawan jini da ciwon siga, kuma tana kan magani.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Hajiya Ladi: Ayya Inna! Shi ya sa ban gan ta a sunan gidan Liman ba. Allah ya yaye.

Sani Tela: Ƙura ce kawai. Bana kowa tari yake, ga sussuka ga hayaƙin kara. A dafa mata kanumfari.

Nura Malamin Asibiti: Yaya Rabi, sannu da jinya. Amsa mini waɗannan: tana zazzaɓi? Tana zufa da dare har ta jiƙa zani? Ta rame? An taɓa ganin jini a abin da ta tofar? Ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki in ta ɗan yi tafiya? Sannan ki ɗauko hoton duk magungunan da take sha ki turo, har da kwalin.

Maman Halifa: Babu ko ɗaya a ciki, Malam Nura. Tana cin abincinta, har surfe take yi in an ƙyale ta. Ga hoton nan. Ɗaya metformin na siga, ɗaya lisinopril na hawan jini. Shi na biyun sabo ne, dab da sallah aka sauya mata shi a babban asibiti.

Malama Zulai: Lisinopril! Rabi, wallahi shi ne. Ni ma na sha shi. Ina cikin aji ina koyarwa tari zai turnuƙe ni har hawaye, yara su yi tsuru-tsuru suna kallona. Wani lokaci, ku yi mini afuwa, har fitsari ke kufce mini. Ba maganin tarin da ya yi mini aiki. Da likita ta sauya mini wani, kafin wata ya zagayo na nemi tarin na rasa.

Sani Tela: To ai magana ta ƙare. A zubar da shi. Maganin da zai hana tsohuwa barci ina amfaninsa? A koma zoɓo da tafarnuwa, iyayenmu da su suka rayu.

Hajiya Ladi: Sani, kar ka sake faɗar haka, akwai masu karantawa su ɗauka. Kai ka san Malam na gidana. Ya ce ƙwaya ta ishe shi, ya ajiye, ya koma jiƙo. Ba abin da yake masa ciwo, har gona yake zuwa. Wata asuba ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace. Yanzu ni ke ɗaga shi, ni ke kwantar da shi, ni ke ba shi abinci a baki. Mutumin da ke noma gero da hannunsa. In tari ne matsalar a nemi maganin tari, amma kar a ce wa mai hawan jini ya zubar da ƙwayarsa.

Sani Tela: Allah ya ba Malam lafiya, Hajiya. Amma shanyewar ɓarin jiki ai ƙaddara ce, masu shan maganin ma tana samunsu.

Alhaji Garba: Ƙaddara ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ina Dakta Hadiza? Ta zo ta raba mana gardama.

Dakta Hadiza: Ga ni, Baba Alhaji, yanzu na fito daga aiki. Yaya Rabi, ki gaishe mini da Inna. Ban duba ta ba, don haka ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma abin da kika bayyana ya yi kama sosai da tarin lisinopril. Bari in yi bayani, zai ɗan yi tsawo.

Lisinopril ɗaya ne cikin wani dangin magungunan hawan jini. Sauran su ne captopril, enalapril, ramipril da perindopril. Ku duba kwalin, duk wanda sunansa ya ƙare da "pril" ɗan wannan gida ne. Aikinsu shi ne toshe wani sinadari a jiki da ake kira ACE, wanda ke taimakawa wajen matse jijiyoyin jini. In aka toshe shi, jijiyoyi su saki, jini ya sauka. To amma shi ACE ɗin yana da wani aiki na biyu: shi ke rushe wani sinadari mai suna biradikinin. Da aka hana shi aiki sai biradikinin ya taru a hanyar numfashi, ya riƙa tsokanar jijiyoyin da ke tayar da tari. Shi ya sa tarin yake fitowa busasshe, da ƙaiƙayi a maƙoshi, alhali huhu lafiya lau.

Ba kowa yake samu ba. A ƙiyasi kusan mutum 1 cikin 10 ne, kodayake bincike daban-daban sun ba da adadi daga 5 har 35 cikin 100. Ya fi kama mata, kuma ya fi kama waɗanda ba sa shan taba. Wani yana fara shi a kwanakin farko, wani sai ya yi watanni yana shan maganin lafiya sannan tarin ya taso, wannan ne ma yake sa ba a zargin maganin. In aka daina, yawanci yana lafawa cikin mako 1 zuwa 4, wasu kuma sai sun kai wata 3.

Maganin tari na kwalba ba ya taɓa shi, ko kwalba nawa aka sha. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma haka, asarar kuɗi ce kawai. Kuma in aka sauya lisinopril da enalapril ba a yi komai ba, tarin zai dawo.

Sani Tela: To Dakta, ai maganata kika maimaita. Ke ma kin ce sai an daina.

Dakta Hadiza: A'a Kawu Sani, sauyawa na ce, wato a cire wannan a sa wani a madadinsa a rana guda. In Inna ta ajiye shi yau ba tare da madadi ba, cikin 'yan kwanaki jinin zai koma inda yake, kuma ba lallai ta ji komai a jikinta ba. Abin da ya faru a gidan Gwaggo Ladi ke nan. Zoɓo ba na raina shi, an yi bincike an ga yana ɗan rage hawan jini. Amma babu wanda zai iya ce maka kofi nawa ne daidai da ƙwaya ɗaya, ga shi namu na gida da sukari ake cika shi, ita kuwa Inna mai siga ce.

Madadin akwai. Akwai dangin da sunansu ke ƙarewa da "sartan", kamar losartan, valsartan da telmisartan. Hanya ɗaya suke bi da su lisinopril, amma ba sa tara biradikinin, don haka da wuya su sa tari. Akwai kuma amlodipine, wanda shi nasa laifin wani lokaci kumburin idon sawu ne. Wanne ya dace da Inna, wanda ya rubuta mata na farko shi zai zaɓa, don shi ya ga gwaje-gwajenta. Abu ɗaya dai, ba a haɗa "pril" da "sartan" a sha tare.

Malama Zulai: Losartan ɗin aka ba ni. Ya ɗan fi tsada, amma barcin da nake samu ya biya.

Auwalu: Anti Dakta, tambaya. Tunda an san yana sa tari, kuma ga amlodipine, me ya sa ake ba mutane shi tun farko? Ni na taɓa karanta cewa ma ba ya yi wa baƙar fata aiki sosai.

Dakta Hadiza: Tambaya mai kyau, Auwalu. Gaskiya ne, in shi kaɗai aka ba baƙar fata, sau da yawa bai kai amlodipine ko magungunan sa fitsari sauke jini ba. A 2019 an buga wani babban bincike da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka gwada haɗin magunguna bibbiyu, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. Amma sauke jini ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Su dangin "pril" da "sartan" suna kare ƙodar mai ciwon siga, musamman in ƙodar ta fara zubar da sinadarin furotin a fitsari, kuma suna tsawaita rayuwar mai raunin zuciya. Ina kyautata zaton saboda sigar Inna aka zaɓa mata shi. Wanda ya rubuta bai yi laifi ba a zaɓin.

Malama Zulai: Bai yi laifi a zaɓi ba, amma ya yi a shiru. Da ya ce mata "Inna, in kin fara tari ki dawo", minti nawa zai ci? Da ba a ware mata kwano ba. Ni ma ba wanda ya gaya mini. Ana miƙo maka takarda kafin ka gama zama, an kira na gaba.

Nura Malamin Asibiti: Malama, ba na kare kowa, amma ki zo ranar da muke ganin masu hawan jini ki ga layi. Wani lokaci mutum ɗaya ne ke awo, shi ke rubutu, shi ke ba da magani. Sannan ko an faɗa, tsohuwa ta fito tun asuba ba ta karya ba, hankalinta na kan motar komawa, rabin maganar a ƙofa take bari. Shi ya sa nake roƙon a riƙa haɗa su da wanda zai saurara.

Malama Zulai: Layi ba hujja ba ne, Malam Nura. Jimla ɗaya ce.

Dakta Hadiza: Ina bayan Malama a nan. Nauyinmu ne mu faɗa, ko da layin ya kai bakin titi.

Auwalu: Wai da gaske ne daga dafin maciji ake yin sa? Wani ya turo haka a wani zaure.

Dakta Hadiza: Asalin ilimin daga nan ya fito. Masana a Barazil sun lura dafin wata kububuwar ƙasarsu yana faɗar da jinin wanda ta sara, aka bi diddigi har aka gano sinadarin da ke toshe ACE. Daga nan aka ƙera captopril, aka amince da shi a Amurka a 1981. Amma ƙwayar da ke hannun Inna a masana'anta aka haɗa ta, babu ɗigon dafi a ciki.

Maman Halifa: Na gode Dakta, hankalina ya ɗan kwanta. Ke nan ba sai an yi gwajin tarin fuka ba? Ni so nake in je gidan in mayar da kwanonta cikin na mutane.

Nura Malamin Asibiti: A yi gwajin, Yaya Rabi. Ƙa'idar da muke bi, duk tarin da ya kai mako 2 a duba tarin fuka. Mai ciwon siga ya fi sauran mutane saurin kamuwa da shi, kuma mutum yana iya haɗa biyu, ga na magani ga na cuta. Gwajin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, maganin ma kyauta, wata 6 ake sha a warke. Za a ba ta ɗan roba ta tofa kaki, a sa a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar cutar tarin fuka. In kakin ya ƙi fitowa, tunda nata busasshe ne, sai a yi hoton ƙirji. Takardar sakamakon nan ita za ta rufe bakin mutanen gida fiye da duk abin da za ki faɗa musu.

Maganar kwano kuwa, ki mayar tun yau. Ko da tarin fuka ne, ba ta kwano ko moɗa ake ɗaukarsa ba, ta iska ne, in mai shi ya yi tari a ɗakin da ba taga. Na sha ganin an ware wa mutum cokali, amma ana kwana da shi mutum shida a ɗaki ɗaya an toshe kowace kafa da tsumma saboda sanyi. An bar abin tsoron, an kama wanda ba shi ba.

Hajiya Ladi: Kuma wariyar nan ita ke kashe tsofaffi tun kafin ciwon. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga in ci tuwo da ita a kwano ɗaya, kowa ya gani.

Isyaku Kemis: Na ga ana ta ambaton kemis, bari in ce wani abu. Mutum zai aiko yaro da 'yan canji, ya ce a ba shi maganin tari. Ban ga marar lafiya ba, ban san me yake sha ba. In na ce a je asibiti, sai a wuce wurin mai tallan magani a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, wanda ya shanya su a rana. Mu ma muna iya ƙoƙarinmu.

Malama Zulai: Isyaku, amma in yaron nan ya dawo karo na uku neman maganin tari, ai ka san gidan da ya fito, kuma a wurinka suke sayen na hawan jinin. Ka tambaya mana.

Isyaku Kemis: Wannan gaskiya ne. Wasu gidajen ni ke sayar musu da duka biyun. Dakta, me zan duba?

Dakta Hadiza: Madalla da wannan tambaya, Malam Isyaku, don ku mutane suka fi gani a kan mu. In mai tari busasshe yana shan wani "pril", ka ce ya koma inda aka rubuta masa, ya tafi da kwalin a hannu. Kar ka sauya masa da kanka, domin bayan an fara losartan ana so a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam a jini. Sannan ka kula da magungunan mura da ke ɗauke da pseudoephedrine ko phenylephrine, suna iya ɗaga jini. Magungunan tari na kwalba da yawa cike suke da sukari. Mai kodin kuwa ka san gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018. Wanda ya fi damuna shi ne diclofenac da ibuprofen, da haɗin nan na gajiya da manoma ke sha in sun dawo daga gona. Suna ɗaga jini, kuma in suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari a jikin tsoho, ƙoda na iya tsayawa. Ciwon jiki, a ba su farasitamol.

Akwai abu biyu da nake so kowa a zauren nan ya riƙe, don su ba sa jira. Na ɗaya, mai shan "pril" in ya ga leɓe, harshe ko fuska sun kumbura, ko murya ta shaƙe, ko haɗiyar yawu ta gagara, kar ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya, a nemi mota a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Kumburin na iya toshe numfashi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi yawa a baƙar fata, kuma yana iya zuwa bayan shekaru ana shan maganin. Kar a tsaya cewa cizon ƙwaro ne ko sammu. Na biyu, in tari ya zo da haki, mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ƙafafu sun kumbura, wannan ba tarin magani ba ne, zuciya ce ta gaza ruwa ya taru a huhu. Shi ma asibiti.

Sani Tela: Duk na ji. Amma ku da kuke birni kuna manta kuɗin mota. Daga nan zuwa Ringim da dawowa, mutum biyu, ga kati, ga gwaji, ga sabon magani mai tsada. Wanda bai sayar da amfanin gona ba fa? Ni har yanzu ina ganin talaka zai ajiye ƙwayar ne kawai ya yi shiru.

Nura Malamin Asibiti: Wannan ƙorafin naka gaskiya ne, Malam Sani, kuma da yawa haka suke yi. Amma a lissafa abin da aka kashe a maganin tari tun sallah, ya fi kuɗin motar. Sannan ba komai sai an je Ringim ba. Awon jini muna yi a nan asibitin sha-ka-tafi, kakin ma muna karɓa mu aika. In kuɗi ne matsala a faɗa wa likita ƙarara, amlodipine ba shi da tsada, shi zai san yadda zai daidaita.

Alhaji Garba: Motata tana shiga Ringim ranar Litinin da kayan shago. Rabi, ki shirya Inna, gaba za ta zauna. Duk mai irin wannan larura a unguwa ya yi magana da direba.

Maman Halifa: Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji. Zan sa duk magungunan a leda mu tafi da su. Dakta, kafin Litinin ɗin ta ci gaba da sha?

Dakta Hadiza: Ta ci gaba, muddin ba kumburin da na faɗa. Tarin yana da wahala amma ba ya lalata huhu. Ku faɗa wa likitan da bakinku cewa tarin ya fara ne bayan an sauya magani. Kuma kar ku karaya in bai tsaya a makon farko ba. In ya wuce wata 3 da sauyawa yana nan, sai a nemi wani dalili, kamar asma, ko ƙwannafi, ko hayaƙin murhu.

Maman Sadiya: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na karanta daga sama. Gabana ne ya faɗi. Faccalata tana da ƙaramin ciki, kanta na yawan ciwo, sai surukarmu ta ce jininta ne ya hau, take ɓallo mata nata maganin daga kati. Na je na duba yanzu, lisinopril ne.

Dakta Hadiza: Maman Sadiya, wannan daban ne da na Inna. Kar ta ƙara sha, daga yanzu. Dangin "pril" da "sartan" duka haramun ne ga mai ciki a likitance, suna iya lalata ƙodar jariri su ƙafar da ruwan mahaifa, musamman in ciki ya wuce wata 3. Kar ku tsorata ta, tunda cikin ƙarami ne, amma gobe da safe ta je a auna jininta a duba fitsarinta, ta faɗi tun yaushe take sha. In da gaske jinin ya hau, akwai waɗanda ake ba masu ciki, irin su methyldopa, nifedipine da labetalol. In kuwa cikin daren nan ciwon kan ya tsananta, ko ta fara gani dishi-dishi, kar a jira safiya.

Maman Sadiya: To yaya zan yi da surukar tamu? Ba za ta ji daga bakina ba.

Hajiya Ladi: Bar ni da ita, ƙawata ce tun muna 'yan mata. Yanzu zan sa mayafi in shigo.

Nura Malamin Asibiti: Ina asibiti daga ƙarfe takwas. Ku zo da ita da katin maganin, ba sai ta bi layi ba.